Jar Dawa Ɗaya a Kan Faifai

Assalamu alaikum, 'ya'yana masu bin labarin nan. An karanta min saƙonninku, wasu kuma na lallaɓa na karanta da kaina. Akwai wadda ta ce wai me tsohuwa ta sani a kan soyayya. Yarinya, gyara zama. Ban zo in ba ku labarin yadda aka so ni ba, wannan ya wuce tun ba a haifi iyayenku ba. Na zo ne in faɗa muku yadda na sa bakina na raba jikata da wanda take so, idona biyu, hankalina a jikina. Wadda ta zo neman abin dariya ta canja wuri.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Barira, matar marigayi Sarkin Baka Abdulmumini na Kukar Maharba, can bayan Bagwai. Garinmu garin maharba ne tun kakanni. Daji dai ya ƙare, gona ta haɗe da gona, zomo ma sai an yi sa'a, amma bindigogin suna nan rataye a bayan ƙofa. Yanzu aikinsu biyu: gadin dami a gona lokacin kaka, da bugawa ranar biki. A garinmu, amaryar da aka kai ba a buga mata bindiga ba, har ta yi jika ana yi mata gori.

Tahira 'yar babban ɗana ce, Sama'ilu. A ɗakina aka yaye ta, a kan gadona ta girma, har yau akwatinta yana ƙarƙashin jeren kwanukana. Shekararta ashirin da huɗu, tana aiki a ƙaramin asibitin garinmu, ita ce mai allura da wankin ciwo. A can Kamaruddeen ya same ta. Ɗan Dawakin Tofa ne, dogo, siriri, ga tabarau, ga wata baƙar jaka da ba ta rabuwa da kafaɗarsa. Wata ƙungiya ce ta ɗauke shi aiki, yana zagaya ƙauyuka goma sha huɗu a kan babur da tambaya ɗaya tal: wa bindiga ta taɓa ji wa ciwo, yaushe, a ina, a hannun wa take? Yana tambayar asibiti, masu ɗori, maƙera, masu unguwa, har tsofaffi irina. Ba ya rubuta sunan kowa, sai rana da wuri da yadda aka yi. Ya je neman littafin asibiti, ya fito da lambar jikata.

Sama'ilu ya yi bincike ya ba shi izinin zuwa. Iyayensa suka kawo kayan na-gani-ina-so: akwati ɗaya ruwan toka, turmin atamfa uku, leshi mai ruwan zuma, mayafai biyu, takalmi da jaka, goro da alewa. Duk Asabar bayan la'asar yana zaure. Amma kafin ya ga Tahira sai ya shigo ya durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Uwargida, ran mai gida ya daɗe. Na zo."

"Kai tafi can, miji ba cefane. Wannan wuyan naka kamar na zalɓe, da me za ka riƙe mata biyu?"

"Ai ke kaɗai na zo dominki, Inna. Wannan yarinyar rakiya ce kawai."

Tahira tana tsaye da kwanon fura, ta ci kwalliya da atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ta yafa farin mayafi, ta murguɗa baki. "To ku ƙarata. Ni na tafi da furata."

"Ajiye min furar miji, marar kunya!"

Kun ji yadda muke. Ina son yaron nan, Allah shi ne shaida. Ku riƙe wannan, don kada nan gaba ku ce ƙiyayya ce ta sa ni.

Wata Asabar, ana gab da yankan dawa, na ce masa, "Wai kai me kake ƙirgawa ne haka? Ka mai da ciwon mutane kamar buhun gyaɗa."

Ya yi dariya, ya ce in ba shi faifai, da ɗan wake, da masara, da jar dawa. Tahira ta ɗebo. Ya zauna a kan tabarma ya tanƙwashe ƙafa, farin yadinsa da Tahira take yabon gugarsa har yana shan ƙasa, bai kula ba.

"Inna, ƙauyuka sha huɗu, shekara ashirin da biyar baya, iyakar abin da mutane suka iya tunawa. Mutum talatin da ɗaya bindiga ta taɓa." Ya jera jar dawa biyar a gefe. "Waɗannan ɓarayi ne suka harbe su." Ya jera masara huɗu. "Waɗannan faɗa ne, rikicin gona ko na 'yan mata." Sai ya zuba farin wake, yana ƙirgawa har ashirin da biyu. "Waɗannan kuma ba ɓarawo, ba faɗa. Bindigar gida ce, a hannun ɗan gida. Sha bakwai a cikinsu a makon biki abin ya faru, kuma duk bayan kaka."

Tahira ta ce, "Me ya haɗa biki da kaka?"

"Ɗure a kan ɗure. Mutum ya ɗura wa bindiga albarushi da ƙarafa don gadin dami. An kwashe hatsi, ya rataye ta, ya manta, ko kuwa wani ne ya ɗura bai faɗa ba. Biki ya zo, a ɗauko ta a ƙara albarushi da tsumma, ana zaton ƙara kawai za ta yi. Ko ta fashe a hannu, ko ƙarafan su fita su sami na gaba."

Ni dai ina tauna goro, amma na daina jin ɗacinsa.

"Maganin kuma ba wuya," in ji shi. "Ba wanda za a karɓe wa bindiga, ba wanda za a hana bugawa. Ana gobe biki, kowa ya kai tasa wurin Dallatu maƙeri, ya zura sandar ɗure ya auna. In da tsohon ɗure, ya kwashe. Ya ɗaura farin zare a wuyanta. Wadda ba zare, ba ta shiga taro. Ƙauyuka uku sun karɓa bara, kuma ko ƙwarzane ba a samu ba."

Sai ya ɗauki jar dawa ɗaya ya ɗora a tafin hannunsa. Ya sassauta murya.

"A Kukar Maharba wake uku ne, jar dawa ɗaya. Wannan ce ta tsaya min a rai, Inna. Marigayi Yahya, ɗanki, Allah ya ji ƙansa. An ce min ɓarayin shanu ne a fadama. Amma na zagaya, a shekarar ba wanda ya tuna an saci ko akuya a yankin nan. Na tambayi ranar, aka ce safiyar da za a kai amarya daga gidan nan ne. Ban ce komai ba. Ko kina tuna wani abu da bai zo kunnena ba?"

Na miƙe kamar zan ɗauko buta, na sa gefen zanena na kifar da faifan. Kaji suka yo caa a kai.

"Ban tuna ba," na ce. "Kuma ba a tono min kabarin ɗa a tsakar gidana."

Ya ba da haƙuri har sau uku. Tahira ta bi ni da ido.

To yanzu ku ji abin da na riƙe shekara ashirin da ɗaya.

Ranar da za a kai 'yata Zakiyya ɗakinta, da sassafe, Sama'ilu da ƙanensa Yahya suka ɗauki bindigar ubansu suka gangara fadama don su gwada ta, wai kada ta ba su kunya a gaban dangin ango. Ubansu ya ɗura mata ƙarafa tun gadin dami, bai faɗa wa kowa ba. Sama'ilu ya ƙara albarushi da tsumma. Yahya ya tsaya can gaba yana rawa yana masa tsiya, wai ko kaza ba zai iya tsoratawa ba. Sama'ilu ya ja kunamar bindigar.

Ubansu ne ya fara isa, ni ina bayansa ko ɗankwali babu. Muka tarar da Sama'ilu ya rungume ƙanensa yana kiran sunansa. Maigidana ya dube ni ya ce, "Barira, ɗaya ya tafi. Ba zan miƙa ɗayan da hannuna ba." Ya tura bindigar cikin ciyawa, ya kwance shanunmu da ke ɗaure a fadamar ya kora su inda ya san za su dawo da kansu, ya kurma ihun ɓarayi. Ni na fara cewa na ga mutum uku sun yi gabas da gudu. Ni, da bakin nan. Matar Yahya tana da ciki wata shida a lokacin. Ta haifi namiji aka sa masa Tasi'u, ta yi aure wani gari, ta bar mana shi. Sama'ilu ya riƙe shi fiye da 'ya'yan cikinsa, kuma tun daga ranar bai ƙara taɓa bindiga ba. Mutane suka ce baƙin cikin ƙanensa ne. Ba su yi ƙarya ba.

Abin da ban hango ba shi ne, ƙaryar za ta yi 'ya'ya. Tun daga shekarar, duk magidanci a garinmu ya koma ajiye bindiga a ɗure. Ka ce masa ya kwashe, ya ce, "Ka manta abin da aka yi wa Yahya?" Tasi'u kuwa da wannan ya girma. Tun yana goye ake nuna masa gabas ana cewa nan waɗanda suka kashe ubanka suka bi. Da ya kawo ƙarfi, shi ya gaji bindigar kakansa. Ita dai, wannan ɗin.

Bayan magariba, ranar faifan, Tahira ta shiga wanka ta bar wayarta a kan gadona. Ta yi haske, saƙon Kamaruddeen ne ya shigo. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, a hankali nake haɗa baƙi, amma na haɗa.

"Na ɓata wa Inna rai, ki ƙara ba ta haƙuri. Ranar Juma'a zan yi wa mutanen gari bayani a ƙofar mai unguwa. Ba zan taɓa maganar Baffanki Yahya ba, na bar ta yadda aka faɗa min. Kin ci abinci, likitata?"

Kun gani? Ya ce ba zai taɓa ba. Na karanta da idona. Amma tsoro ba ya karatu. Abin da na hango kawai shi ne: yaron da ya gano wannan daga wake da dawa, in ya zama surukin gida, yana shiga yana fita shekara da shekaru, me zai rage bai gano ba? Wata rana zai dubi Sama'ilu, Sama'ilu ya sunkuyar da kai, shi ke nan.

Da safe na sami Sama'ilu a bakin rumbu yana gyaran lauje.

"Yaron nan ba aure ya kawo shi ba," na ce. "Sunayen masu bindiga yake rubutawa yana kai wa hukuma. Jiya har Yahya ya tambaye ni. Rana da wuri."

Laujen ya faɗi daga hannunsa. Namiji mai shekara kusan hamsin, ya juyo gare ni kamar ƙaramin yaro.

"Me kika ce masa, Inna?"

"Na ce ban tuna ba. Amma ka san abin da ya kamata ka yi."

Ya sunkuya ya ɗauki laujensa. Ban tsaya nan ba, 'ya'yana. Na je gidan suna na yar da maganar a gaban mata huɗu waɗanda na san bakinsu. Kafin azahar ta gama gari.

Ranar Juma'a bayan an sauko, maza suka taru a gindin dalbejiyar ƙofar mai unguwa. Mu mata muna bayan zana muna leƙe. Kamaruddeen ya zo da faifansa, ya sa shadda ruwan sararin samaniya da hula mai aiki, ya jera ƙwayoyinsa kamar yadda ya yi min. Wallahi har wasu sun fara gyaɗa kai. Dallatu maƙeri ya ce shi ko sisi ba ya so, a kawo masa kawai. Sai Tasi'u ya miƙe.

"Malam, kai a littafi ka san bindiga. Ni a kabarin ubana na san ta. Wannan jar dawar da ka ajiye, ubana ne. Da tasa a ɗure take a hannunsa ran nan, da yau ina da uba. Ka ce mu kwashe ɗure, mu jera bindigoginmu a ƙofar maƙeri kowa ya ƙirga? Don ka ji daɗin rubutawa ka kai inda aka aiko ka?"

Wuri ya ɗauka. "Ɗan leƙen asiri!" "A duba jakarsa!" Wani ya sa ƙafa ya ture faifan.

Ina kallon Kamaruddeen ta ramin zana. Ya dubi Tasi'u, ya buɗe baki, kalma ɗaya ce tsakaninsa da wanke kansa. Ya san ranar, ya san ba a saci komai ba. Sai ya rufe bakin. Ya durƙusa ya tsince wakensa ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihu.

"Allah ya ji ƙan mahaifinka," ya ce. "Abu ɗaya nake roƙo. Bikin farko bayan an kwashe dawa, ku zura sanda kafin ku buga. Ko ba ku kai wa kowa ba, ku auna a ɗakunanku."

Washegari Sama'ilu ya sa aka ɗora akwatin nan ruwan toka a bayan babur aka mayar Dawakin Tofa.

Tahira ba ta yi ihu ba, ba ta yi birgima ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Kafin a tafi da akwatin, ta ciro ɗan kunnen da Kamaruddeen ya ba ta ta sa a ciki da hannunta. Ta dawo ta zauna a bakin gado.

"Inna, ke kika ce yana rubuta sunaye?"

"Abin da na gani na faɗa."

"Ni nake taya shi cike takardun nan. Ba gurbin suna a jiki. Kin sani, don a gabanki muke yi."

"Za ki tuhume ni ne? Ni na yaye ki."

"A'a, Inna. Na dai tambaya ne."

Daga ranar ta daina yi min tsiya. Tana gaishe ni a durƙushe, ta dama min kunu, ta wanke min kaya, ta ce "to, Inna" ga duk abin da na faɗa. Ku da kuke da kakanni kun san ba abin da ya kai wannan ciwo: jikarka ta koma yi maka ladabi. Ta ajiye atamfofinta masu haske, kullum baƙar abaya da hijabi ruwan ƙasa. Wayar ma ba ta ɓoye ta, a kan gado take barinta, kamar da gangan. Saƙonsa na ƙarshe da na gani cewa ya yi:

"Ba zan ƙara kira ba tunda Baba ya hana. Kada ki yi fushi da Inna, akwai abin da take tsoro, kuma ba ni ba ne. Ki ajiye bandeji da yawa a watan nan."

Ta ba shi amsa da kalma biyu: "Na ajiye."

Aka kwashe dawa. Bikin farko na Aina'u ne, 'yar maƙwabcinmu, ƙawar Tahira tun ta allo. An yi anko da atamfa ja mai ɗigon rawaya, Tahira ta ɗinka don kada a ce, ta ɗaura farin mayafin nan da ta daɗe ba ta taɓa ba. Bayan la'asar aka fito da amarya, mata na guɗa, motoci biyu a ƙofar gida, samari bakwai sun jeru da bindigogi. Tasi'u ne a farko, ya sha babbar riga, yana dariya irin ta ubansa sak. Na ga bindigar a hannunsa, na ga ba zare a wuyanta. Zuciyata ta ce, Barira, ɗaga murya ki ce ya zura sanda. Taku goma ne tsakanina da shi. Sai na ce a raina, in na faɗa, za a ce tsohuwa ta koma bayan ɗan leƙen asirin da ita ta tona. Na ja bakina.

Ashe shi da wani abokinsa suke karɓa-karɓar gadin dami. Abokin ya ɗura ƙarafa a kwanansa na ƙarshe, bai faɗa ba.

Ƙarar ba irin ta biki ba ce. Na san ta, na taɓa jin ta sau ɗaya daga fadama. Hayaƙi ya washe, Tasi'u yana durƙushe, bindigar ta tsage gida biyu, babbar rigarsa ta rine. Ƙarafan sun shige katangar zaure, kamu ɗaya sama da kan uwar amarya.

Mata suka watse, maza suna salati. Tahira ce kaɗai ta nufe shi da gudu. Ta fizge mayafinta ta ɗaure masa dantse, ta sa haƙori ta ja ƙullin, tana ba da umarni kamar ba ita ce mai "to, Inna" ba. "Ku ɗaga hannun sama! Kai, juyo da motar nan! A sauke kayan amarya!" A motar kai amarya aka kai shi babban asibiti. Yatsu uku na hannun dama ba su dawo gida ba. Manomi, mai shekara ashirin da ɗaya.

Kwana tara aka sallamo shi. Muka shimfiɗa masa a ɗakin da ke jikin nawa, labule ne kawai tsakaninsa da rumfar tsakar gida, don Tahira ta riƙa wanke ciwon. Ran nan da hantsi na same ta a bakin rijiya tana ta cuɗa mayafin, jinin ya ƙi fita.

"Bar shi haka, ya riga ya kama," na ce.

Ba ta ɗago ba. "Kamaruddeen ya faɗa, Inna. Ya faɗi watan, ya faɗi bikin. Da wake ya nuna mana, a tsakar gidan nan." Ta matse mayafin. "Yanzu in ya zo ƙirga, Tasi'u wake ne. Na huɗu."

Na koma ɗaki na zauna a gaban kwanukana. Na ce na rufa wa ɗa ɗaya asiri, ga shi na biya da hannun jika, na biya da auren jika, kuma bukukuwa biyar ne a gaba kafin azumi. Bindigogi suna nan a bayan ƙofofi, kowacce da sunan Yahya a cikinta.

Na kira ta. "Kamo min lambar yaron nan. Ki danna inda ake magana."

Ta dube ni, ta danna, ta miƙo.

"Kamaruddeen, Barira ce. Uwargidanka, in har yanzu kana amsawa. Na yi maka ƙarya, na kuma yi ƙarya a kanka. Ka zo ranar Asabar. Ka taho da faifanka, akwai ƙwayar da ka ajiye ba a wurinta ba."

Ya zo. Ya rame, tabarau har yana zamowa. Bai ce uwargida ba, ya ce, "Ina wuni, Inna," ya durƙusa nesa da tabarma. Tahira ta kawo ruwa ta ajiye, ta koma ta jingina da turken rumfa, ba wanda ya dubi wani a cikinsu. Na aika a gaya wa Sama'ilu tun da safe, don ba zan yi a bayan idonsa ba. Aka ce ya tafi gona. Tasi'u kuwa ya sha magani, na leƙa na ga idonsa a rufe.

Na ɗebo jar dawa ɗaya da wake ɗaya na ɗora a faifan.

"Wannan ta Yahya," na ce, "ba ja ba ce. Ranar da za a kai Zakiyya..."

"Dakata, Inna."

Sama'ilu ne a bakin zaure, da ƙasar gona har gwiwa. Ya tako a hankali, ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba, a gaban yaron da ya kora.

"Shekara ashirin da ɗaya kina ɗauke min. Ya isa." Ya juya ga Kamaruddeen. "Buɗe littafinka. Ka ce ba ka rubuta suna, to yau in ka ga dama ka rubuta. In na gama, ka tafi ƙofar mai unguwa da ni, in maimaita a can. Akwatinka kuma ni na mayar, ba Tahira ba. In ka ji abin da hannun nan ya yi, ka ga har yanzu kana son 'yar mai hannun, ni zan je Dawakin Tofa in ɗauko shi a kaina."

Kamaruddeen bai buɗe littafin ba. Ya ciro wayarsa ya kashe, ya kife ta a kan jaka. Ya ɗago ya dubi Tahira, karo na farko tun shigowarsa, ita kuma hawaye ya riga ya wanke mata fuska.

Sama'ilu ya fara, murya can ƙasa. "Da asuba muka ɗauki bindigar Baba, ni da Yahya..."

Sai na ji ƙarar zoben labule a bayana.

Tasi'u yana tsaye a bakin ƙofa, ya rungume naɗaɗɗen hannunsa a ƙirji, idonsa tar, ba alamar wanda ya yi barci.

"Baffa," ya ce, "ɗaga muryarka. Ni ma ina ji."